Zari-ruga a firamaren Barkiya: a fara da jela, ƙwallo ta biyo baya

Duk wanda ya ce wasan baƙi ba ya kama ƙasa a Katsina, a kai shi ya ga inda ake buga faifs. Asalinsa wasan 'ya'yan manya ne a makarantar Eton ta Ingila, inda ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu, ta bugi bango ta dawo. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya shigo da shi makarantun Katsina da Birnin Kebbi a shekarun 1920, lokacin Kwalejin Katsina tana sabuwa. Sardauna Ahmadu Bello ya koye shi yana ɗalibi, bai sake shi ba har ya zama Firimiya. A Ingila makarantu ƙalilan ne ke buga shi, amma a Arewa ya samu 'yan kallo da masu ihu. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne maganar ƙwallon. Ta asalin tana da tauri, tana ɓantare bangon ƙasa, sai mutanenmu suka ajiye ta suka ɗauki ƙwallon tanis. Ba wanda ya tsaya jiran a turo masa siminti daga Landan. An gyara wa wasan zama, shi kuwa ya zauna.

Na kawo wannan ne saboda ina so in yi maganar da na san wasu za su yi wa dariya: shigar da wasan zari-ruga makarantun firamare na Barkiya da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma, irin su Birchi da Wurma da Rawayau da Tsauri. Mai dariyar yana da hujja. Abin da ya sani na zari-ruga shi ne abin da ya taɓa hangowa a talabijin: ƙarti goma sha biyar a kowane ɓangare, wuya ya haɗe da kafaɗa, suna karo a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Zai ce makarantar da rufinta ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, ita za a kai wa wannan? Ra'ayina shi ne a kai, amma da sharaɗi. Wasan ya shigo ta ƙofar wasannin da yaran suka riga suka iya, a hannun malamin da ke kwana a garin, da kayan da za a iya haɗawa a kasuwar ƙauye. In ba haka ba, gara a bar shi inda yake.

Ba daga sama zai faɗo ba. Nijeriya tana da hukumar zari-ruga ta ƙasa, tana da ƙungiyar da ake kira Black Stallions, kuma a nan kusa, Kano tana da kulob ɗin Barewa wanda ya daɗe yana janyo yaran unguwa cikin wasan. Maro Itoje, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, iyayensa 'yan Nijeriya ne. Hukumar wasan ta duniya ma tana da shiri na musamman na masu fara koyo, mai hawa uku: yaro ya gwada, ya buga, sannan ya zauna a ciki. Hawa na ukun nan shi ne inda yawancin shirye-shiryenmu ke mutuwa.

Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce, me ya sa ba za a bar yara da ƙwallon ƙafarsu ba? Ai ba wanda zai raba su da ita, kuma ban nemi a raba su ba. Amma a tsaya a bakin filin makaranta in an tashi tara a kalli yadda ake buga ta. Yara fiye da talatin ne ke bin ƙwallo ɗaya, ƙura ta tashi, uku ko huɗu da suka fi gwaninta su ke taɓa ta. Mai jiki an tura shi gola ko yana so ko ba ya so. Ƙarami yana gefe yana gadin takalma. 'Yan mata suna gindin darbejiya, ba wanda ya ma yi tunanin filin nasu ne su ma. A zari-rugan yara kuwa doka ce ke tilasta rabo: da an tare ka dole ka miƙa wa wani. Kama abu da hannu ya fi sarrafa shi da ƙafa sauƙi ga ɗan shekara bakwai. Sannan ga wata garaɓasa da sabon wasa kaɗai ke bayarwa: ranar farko babu gwani. Wanda ya saba a zaɓe shi a ƙarshe da wanda ya saba yin zaɓen, duk daga wuri ɗaya za su tashi.

Sharaɗi na farko, wanda ba na sassautawa a kansa: babu kayarwa, babu karo, daga aji ɗaya har aji shida. A Ingila, inda fili ke da ciyawa mai laushi, yara 'yan ƙasa da shekara bakwai da takwas ba sa kayar da juna, sai sun shiga rukunin 'yan ƙasa da tara ake fara koya musu a hankali. Kuma ko a can hankalin mutane ya tashi. Steve Thompson, wanda ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 yana ɗan shekara 42 ya ce likitoci sun same shi da cutar mantuwa, har ba ya iya tuna gasar da ya ci. Shi da wasu tsofaffin 'yan wasa suka kai hukumomi kotu kan bugun kai. Mu kuwa filinmu a rani ya bushe ƙamas, wani wurin tsakuwa ce, yaran ba takalmi, asibitin da zai iya duba ƙwaƙwalwa yana can Katsina. Yaro ɗaya ya karye, shirin ya mutu a gundumar gaba ɗaya, kuma iyaye suna da gaskiya in sun kashe shi.

Abin da ake yi a madadin kayarwa shi ne jela. Kowane yaro yana da ƙyalle biyu suna reto a ƙugunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai tsaro ba ya taɓa jikinka, jelar zai fizge, ya ɗaga ta sama ya yi ihu. Kai kuma da ka ji an cire, cikin taku uku sai ka miƙa ƙwallo ga ɗan'uwanka, ka koma ka karɓi jelarka daga hannun wanda ya cire ta, sannan ku biyun ku dawo cikin wasa. A ƙasashen waje ana sayen ɗamara ta musamman mai mannewa. A Barkiya ba a buƙatar ta. Duk telan da ke bakin kasuwa yana da buhun yankakkun atamfa da shadda a ƙarƙashin keke. A yanka su tsawon kamu ɗaya da rabi, faɗin yatsa uku, a raba launi biyu, yaro ya cusa gefe ɗaya a cikin wando ko zani. Za a samu mai wayon da zai ɗaure tasa da mazagi don kada ta fita. A ranar farko za a same shi, kuma yaran da kansu za su kama shi kafin malam ya gani.

Makon farko ni ba zan ma fito da ƙwallo ba. A shata fili da toka, a zuba yara ashirin ciki, a busa usur: kowa ya tara jela iya iyawarsa cikin minti ɗaya, yana kare tasa da gudu da kauce-kauce, ba da hannu ba. Wannan guje-guje ne irin wanda suke yi da farin wata a ƙofar gida, ba sai an yi musu lacca ba. A cikinsa za su koyi abubuwan da suka fi muhimmanci a wasan gaba ɗaya: zille wa mutum, neman sarari, ɗaga kai a dubi gaba ana gudu. Malamin da ya tsayar da yara a layi cikin rana yana karanta musu dokoki goma sha biyu da tarihin yadda aka ce wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya suri ƙwallo ya ruga da ita a garin Rugby a 1823, ya gama kashe wasan kafin a fara. Labarin yana da daɗi, amma a ajiye shi sai ranar da aka yi ruwa aka kasa fita.

Inda nake ganin muna da abin da Bature ba shi da shi, shi ne langa. Duk yaron ƙauyen Katsina ya san ta: ƙungiya biyu, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, kowace ƙungiya tana da ruwa, kuma aikin 'yan wasa shi ne su kai ruwansu wurin sha yayin da abokan hamayya ke neman tare shi. Duk wanda ya taɓa yin langa ya riga ya fahimci zuciyar zari-ruga: mutum ɗaya ne ke ɗauke da amanar ƙungiya, akwai layin da zai kai, akwai masu hana shi, kuma shi kaɗai ba zai kai ba. Don haka malam ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce musu, a wannan wasan duk wanda ƙwallo ke hannunsa shi ne ruwa, kuma ruwan yana iya sauya hannu. In ya tsallake layin can ya dangwala ta a ƙasa, an sha. Shi ke nan, rabin dokar ta shiga.

Sai dai langar nan da ta buɗe ƙofa ita ce kuma za ta kawo cikas, kuma duk mai tsara shirin ya kamata ya san haka tun da wuri. A langa, kana kare ruwanka ne ta hanyar shiga gabansa kana ture masu zuwa. A zari-ruga wannan laifi ne. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai gefe ko baya, don haka mai taimako dole ya bi bayan mai ƙwallo, ba ya wuce shi ba. Ƙwallon ƙafa ma ta koya wa yaro ya ruga gaba ya ɗaga hannu yana kira. Abubuwa biyu ke nan da suka zauna masa a jiki suna ja da sabuwar doka. Za ka ga yaro ya karɓi ƙwallo, ya waiwaya, abokansa huɗu duk sun wuce shi suna can kusa da layi suna ihun a ba su. Sai ya tsaya turus, ko ya juya ya ruga baya yana neman wanda zai ba. Kada a yi masa tsawa. Makonni biyu ko uku na farko a bar su su jefa ta ko'ina, su saba da kamawa da hannu biyu. Bayan nan a jera su biyar-biyar a karkace, kowa yana ɗan bayan na kusa da shi, su yi tafiya, ba gudu ba, ƙwallo tana bin layi daga hannu zuwa hannu. In tafiya ta yi kyau a koma sassarfa. Ranar da yaro ya rage gudu da kansa don ya zauna a bayan mai ƙwallo, ranar ya fara buga zari-ruga.

Sai maganar yawa. Ajin firamaren gwamnati a yankinmu cike yake maƙil, kuma babban kuskure shi ne a raba aji gida biyu a ce a buga. Filin 'yan shekara bakwai a Ingila mita 20 ne da 12, yara huɗu-huɗu. Ke nan filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki irinsa da yawa a jere. Ƙwallo shida mai lamba uku, wato ƙaramar da hannun yaro zai iya riƙewa, ta ishi aji. Inda ba su kai ba, a ɗinka buhu a cusa tsumma a ba shi tsawo, don koyon miƙawa ba ya buƙatar ƙwallo mai tsalle. Malami ɗaya ba zai iya duba fili shida ba, amma 'yan aji shida za su iya. A ba kowannensu fili da usur. Wanda bai taɓa ganin ɗan shekara goma sha ɗaya da usur a baki ba bai san mulki ba. Wasa ya zama minti biyar, a juya, waɗanda suka ci su matsa fili na gaba, don kada ƙungiya ɗaya ta wuni tana shan kashi a hannun abokan hamayya ɗaya.

Kafin kowane wasa akwai aikin da littafin koyarwa na Turai ba zai faɗa maka ba: tsintar ƙaya. Tsidau da ƙarangiya suna nan a kowane fili bayan damina, kuma mai gudu ba takalmi shi ya san zafinsu. A jera yaran kafaɗa da kafaɗa su ratsa filin suna tsincewa, da tsakuwa da fasasshiyar kwalba. Minti biyar ne. A ajiye jarkar ruwa a inuwa.

Lokaci ma sai an yi masa karatun ɗan gari. Da damina yaro yana gona da zarar an tashi, wani ma ba ya zuwa. Da kaka ana girbin gero da dawa da roron wake. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta wasa da kowa. Abin da ya rage shi ne daga ƙarshen zangon farko zuwa tsakiyar na biyu, wato lokacin hunturu, kuma nan ya kamata a zuba ƙarfin shirin, mako takwas zuwa goma. A yi shi cikin darasin motsa jiki da ke kan jadawali, da safe, ba da yamma ba, domin yamma ta Islamiyya ce da ɗebo ruwa da kiwo, kuma duk shirin da ya yi takara da waɗannan ukun zai sha ƙasa. In azumi ya faɗo ciki a dakata. A kuma tuna cewa cikin masu gudun nan akwai wanda bai karya ba. Rabin sa'a ta isa.

Iyaye za su tambaya, kuma haƙƙinsu ne. Wani dattijo zai tare malam bayan la'asar ya ce, "Malam, me nake ji, wai dambe za ku koya wa yaran nan?" Amsar da ta dace ba takardar hukuma ba ce. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka nasara, ba ko taɓa juna a ciki. Ranar Alhamis ka leƙo ka gani da idonka, in bai kwanta maka ba mu bari." Kafin a hura ƙwallo ta farko a je gaban mai gari, a gaida liman, a zauna da kwamitin kula da makaranta. Da ɗan gari akan ci gari, kuma faifs da wasan doki na folo duk ba su zauna a Katsina ba sai da manya suka sa hannu: ɗaya malamai da ɗalibansu, ɗaya Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo.

Maganar 'yan mata kuwa ba na son a mai da ita abin ado a cikin rahoto. Su yi nasu fili daban, malama ce za ta riƙe usur, da dogon wando a ƙarƙashin riga da gajeren hijabi wanda ba zai harɗe ƙafa ba. Tunda ba a taɓa jiki, babban abin da uwa za ta ji tsoro ya kau. Inda makaranta ba ta da malama ko ɗaya, kuma akwai irinsu a ƙauyukanmu, to wannan matsala ce da ta girmi zari-ruga, kuma shirin ya faɗe ta a fili ga sakataren ilimi maimakon ya rufe ido ya ce 'yan matan ba su da sha'awa.

Wa zai riƙe aikin? Nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muka saba yin abubuwa. Mun iya bikin ƙaddamarwa: rumfa, kujerun roba, riguna masu hoton mai girma, jawabi bakwai, yara a rana suna jiran a gama. Baƙi daga birni su buga na awa ɗaya, a ɗauki hoto, motoci su tashi. Bayan wata guda ƙwallayen suna kulle a ofis, an ce kada su lalace. Kuɗin rumfar nan kaɗai zai horar da malamai. Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗaliban kwalejin suna fita koyon aikin koyarwa a makarantun yankin kowace shekara. In masu horarwa daga Kano suka zo suka yi kwana uku da su da malaman firamare biyu-biyu daga kowace makaranta, sannan suka dawo bayan wata ɗaya su ga abin da ya kama da abin da ya suɓuce, an fi samun riba a kan kai wa yara ziyara sau goma. Japan ta bi ta hanyar malamai ne: tun 2008 zari-rugan jela ya shiga jagorar manhajar firamarenta, kuma malaman aji ne ke koyar da shi, ba taurari ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ba sai ta ƙirƙiro sabon darasi ba, ta dai amince a yi shi a cikin wanda ke akwai.

Ba zan yi kamar ban san halin tsaro ba. Tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, babu uban da ke sakin jiki da maganar tara yara a wuri ɗaya, kuma ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma sun ɗanɗana nasu. Don haka gasar ƙarshen zango ta zama ƙarama: makarantu uku ko huɗu na mazaɓa ɗaya, da hantsi, kowa ya koma gida kafin azahar, ba kwana, ba doguwar tafiya a bayan a-kori-kura. Kuma kada a yi ta da tsarin wanda aka ci ya fita, domin yaron da ya taho a ƙafa daga ƙauye ya buga minti biyar aka ce ya gama, ba zai sake zuwa ba. Kowa ya buga da kowa. Mafarkin filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ya jira tukuna.

Akwai jarabar da mai tallata shirin zai faɗa ciki, ta sayar wa iyaye labarin Siya Kolisi. Labari ne na gaske: yaron unguwar talakawa ta Zwide a Afirka ta Kudu, aka hango shi a gasar yara yana ɗan shekara 12, aka ba shi gurbin karatu, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar zari-rugan ƙasarsa, ya ɗaga Kofin Duniya a 2019 da 2023. A ba yara labarin, su ji daɗi. Amma kada a yi wa kowa alkawari da shi. Bayan Kolisi akwai makarantu da kulob-kulob da gasanni da aka shafe fiye da shekara ɗari ana ginawa, mu kuwa ko tubalin farko ba mu aza ba. Abin da za a iya yi wa uba alkawari shi ne ɗansa zai yi gudu, zai yi dariya, zai koyi miƙa abu ga wani tun kafin a ƙwace, zai kuma koyi karɓar hukuncin alƙalin da bai fi shi tsawo ba.

In zangon ya ƙare, kada a auna shirin da adadin yaran da aka rubuta a takarda. A dawo bayan hutu, ba sanarwa, a ga ko jelolin suna nan, ko an ƙara ɗinka wasu, ko 'yan aji huɗu sun koya wa 'yan aji biyu. A kuma tanadi amsar tambayar da ke kashe yawancin kayan wasa a makarantunmu: ƙwallon a hannun wa take kwana? Shawarata ita ce kowane aji ya zaɓi mai riƙe ta na mako, ya sa hannu a littafi, ya fito da ita da an kaɗa tara ba tare da neman izinin kowa ba. Famfo da allurarsa su zauna wurin malamin wasanni, a kuma sayi allura biyu, don ita ce ke fara ɓata. In ƙaya ta huda ƙwallo, a gwada mai facin babur na bakin tasha kafin a rubuta takarda zuwa Katsina.